Auren Da Aka Ɗaura Da Alƙalami

'Yan uwa, a 2014 Masashi Kishimoto ya kammala labarin Naruto bayan shekara 15 yana zana shi a Japan. Ya aurar wa Naruto Hinata, Sakura kuma ta auri Sasuke. Masu burin ganin Naruto da Sakura suka fusata, wasunsu suka zauna suka rubuta nasu ƙarshen. Abin ya daɗe a can, tun 1975 ake cin kasuwar Comiket a Tokyo, inda masoya ke sayar da littattafan da suka ƙirƙira.

Tambayata ita ce, me zuciya take koya a nan? Mai haɗa masoya a takarda shi ke zaɓa musu hali da magana. Babu cefane, babu jinya, babu surukai. Sai ya saba da soyayyar da ba ta taɓa ce masa a'a ba. To ranar da aka kawo masa amarya mai rai, mai gajiya, mai fushi, da wane ma'auni zai auna ta?

Ban ce ƙirƙirar labari laifi ne ba. Amma abin da ka daɗe kana shayar da zuciya, wallahi shi za ta nema a gida. In za ku rubuta soyayya, ku sa haƙuri a ciki.

Allah Ya gyara zukatanmu.