Ƙaddara da Sababi a Gonar Feshi

A ƙasar noma ta arewacin Kano, daga Bichi da Dambatta har Kunchi, inda gona ke jingine da gona ba a barin saura, maganin feshi ya karɓe kaso mai yawa na aikin fartanya, kuma galibi matashi ɗan ƙwadago ne ke goya tankin, ba takunkumi ba safar hannu, maganin yana tsiyaya ta bayan rigarsa har ya bushe a jikinsa. Idan bayan shekara talatin fitsari ya fara yi masa gardama, aka gano sankarar furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, abin da za a ce shi ne haka Allah Ya ƙaddara.

Maganar gaskiya ce, sai dai ba ta rufe bincike ba, domin malaman tauhidi sun daɗe da bayyana cewa Allah Yana gudanar da ƙaddararsa ne ta hanyar sababi, wato dalilin da aka saba ganin abu yana biyo bayansa. Likitoci sun fi ɗora wannan cuta a kan tsufa da gado, amma binciken lafiyar manoma da aka fara a Amurka a 1993 ya ga tana ɗan fi yawa ga masu feshi, kuma a 2021 Faransa ta sanya ta cikin cututtukan sana'a ga ma'aikatan gona da suka daɗe suna hulɗa da magungunan. Wannan rinjayen zato ne, bai kai yaƙini ba, amma fiƙihu yana gina hukunci a kan rinjayen zato, musamman inda ake batun tsare rai, wanda malamin fiƙihu Shaɗibi ya lissafa cikin larurori biyar na shari'a.

Wahalar tana cikin nisan lokaci, domin ba wanda ke musun cewa wuta ce ta ƙona shi, alhali sababin da ya yi shekaru kafin ya bayyana yakan ɓace wa ido, har mai gonar da ya biya ladan feshi ya manta fuskar yaron. Mantuwarsa ba ta sauke nauyin ba. Wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago feshi, yana da halin saya masa takunkumi da safar hannu bai saya ba, ya yi sakaci da haƙƙinsa, ko cutar ta zo ko ba ta zo ba.