Marina da Masu Sola, Ga Aiki Ya Same Mu

'Yan uwana marina na Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi! Kakanninmu da baba da toka suka yi rini, kamar yadda ake yi a marinar Ƙofar Mata ta Kano tun 1498. Sai a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, galura ta mamaye kasuwa. Tana da sauƙi, tana kama zane. Amma ruwanta da muke zubarwa fa?

Ƙwayar galura a kan zobba aka gina ta, galibinsu da ƙwayoyin kabon shida riƙe da juna gam. Shi ya sa ba ta saurin ruɓewa a kwata, damina ta zo ta kwashe ta zuwa fadama da gulbin Gagare inda ake shayar da dabbobi.

To, akwai abin da ke fasa zoben nan: lantarki. A tsoma sanduna biyu masu ɗaukar wuta cikin ruwan, a haɗa su da batir. A jikin sanda ɗaya ruwan da kansa yake tsagewa, ya fitar da wasu ƙwayoyi masu tsananin ci, su far wa zoben su ɓalle shi, su yi ta gutsura har ya koma iska da ruwa. Ɗan gishiri yana hanzarta aikin, sai dai yana haifar da kulorin, don haka a fili ake yi, ba a ɗaki ba. Kuma kada washewar launi ta ruɗe mu. Ruwa kan yi fari alhali da sauran dafi, sai awo ya tabbatar.

Wa zai yi awon? 'Ya'yanmu! Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan Kaura tun 1983. Batun wuta kuwa, rana Allah Ya hore mana, ga samari masu haɗa sola a kowace kasuwa. Jiharmu da ta binne ɗaruruwan yara saboda gubar dalma a 2010 ba ta bukatar a yi mata bayanin dafin da ke shiga ƙasa.

Na san hanya ba lafiya, kasuwa ta ja baya, amma hannunku bai mutu ba. Marini, tara ruwan rininka a duro, kada ka zubar. Ɗalibi, ɗauki kwalba ka je karofi ka ɗebo. Mai sola, kawo faranti ɗaya da batir, a fara gwaji da bokiti guda.