Maƙwabcin da ruwa ya zaɓa

Ƙasar Najeriya tana da wani rabo da babu gwamnan da ya sa masa hannu. Kowane taƙi na ƙasa da ruwan sama ya taɓa, akwai kogin da yake biya wa haraji. Ruwan kwararo ya shiga korama, korama ta shiga rafi, rafi ya kai kogi. Duk faɗin ƙasar da ke zuba ruwanta a kogi guda, ita ce kwarin wannan kogi, kuma tudu ne ke raba kwari da kwari.

Tsaunukan Jos su ne inda abin ya fi fitowa fili. Hadari ɗaya ne zai sauke ruwa a can, amma ruwan ya watse gida uku. Wanda ya gangara yamma ya bi Kogin Kaduna ya faɗa Kwara. Na gabas ya shiga Gongola, ya riski Binuwai a Numan. Waɗannan biyun za su sake gaisawa a Lakwaja kafin su isa teku. Na uku kuwa ya yi arewa ta Kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, suka zama Kogin Yobe, sai Tafkin Chadi. Shi da teku har abada. Abin da ya raba su ba wani ƙaton dutse ba ne dole. Wani lokaci ɗan tozon ƙasa ne da makiyayi zai tsallake da garkensa bai ko lura ba, kamar ƙololuwar rufin kwano da ke aika ruwa tsakar gida ko waje.

Allah da ikonsa, wannan rabo bai san iyakar jiha ba, bai san yare ba. Mai wanke kaya a Kogin Dilimi cikin garin Jos, ruwansa ɗaya da masunci a Gashuwa, wanda bai taɓa ji ko gani ba. Mutumin da ke bayan tudu kuwa, da suke cin kasuwa ɗaya, ruwansu ba zai taɓa gamuwa ba. Ashe maƙwabci iri biyu ne: wanda katanga ta haɗa ku, da wanda ke shan ruwa bayan ka sha.

Gwamnati ma ta gane haka. A 1976 ta kafa hukumomin raya kwarin koguna guda 11, ta bi shatar ruwa ta bar ta jihohi. Tun 1964 Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka kafa hukumar Tafkin Chadi, don tafkin ba na mutum ɗaya ba ne.

Sai dai mai shan ruwa bayan ka sha shi ne maƙwabcin da ake mantawa, don ba ya zuwa suna, ba ya zuwa ta'aziyya. Na sama ba ya ganin na ƙasa. A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano, ta Challawa ta biyo baya a 1992. Noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura, Kano ta sami ruwan sha, kuma wannan alheri ne da ba a musunsa. Amma can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da ke zuwa da damina ta janye da rani ta sauya hali. Ruwa ya koma kwantawa duk shekara a wasu wurare, kachala ta samu gida, ta toshe hanyoyin ruwa. Wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe.

Babu wanda ya yi nufin cutar da kowa, kuma nan ne abin ya fi ban tsoro. Haka uba yake yanke shawara a zaure, jikan da ba a haifa ba ya biya. Haka mai rini yake tuttular da ruwan baba a kwata ya koma ciki hankalinsa kwance, don a ganinsa ruwan ya tafi. Ya tafi ɗin, amma wurin wani. A Nguru, da lauje da kwale-kwale mutane ke shiga suna yankan kachala don ruwa ya sami hanyar wucewa.