Mazarin Inna

Ranar da muka rushe tsohon ɗakin Inna, kakata ta wajen uba, a ƙauyenmu da ke arewa da Tasawa, ɗiyata ta tsinto wani siririn icce mai dunƙulen yumɓu a gindi. Ta kawo mini tana jujjuya shi, ta ce, "Baba, wannan na wasan yara ne?" Na karɓa na duba. Mazari ne, gululunsa ya ɗan tsage, da sauran zare naɗe a jikinsa, ƙura ta mai da shi ja. Yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu, tana lakwal, tana iya jero maka kogunan Faransa, amma ba ta san abin da ya suturta kakanninta ba. Har na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na tuna laifi tudu ne. Wa ya taɓa nuna mata? Ni da na tashi da kurman kukan wannan mazari a kunnena, ban taɓa ambata mata shi ba.

A da, idan kaka ta yi aka ɗebe 'yar audugar bayan gida, aikin mata ya samu. A gurje ta a kan magurji da ɗan sandan ƙarfe, angurya ta koma gefe. A shiɓe ta da baka har ta tashi kamar kumfa, a naɗa sutu. Sa'an nan Inna ta zauna a inuwar rumbu, ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazari a cikin 'yar taskira, hannun hagu yana can sama yana sakin auduga sannu sannu. Siririn zare na tsaye daban, abawa mai kauri ta kwance daban. Tana kaɗi tana raino, tana kaɗi tana sasanta kishiyoyi, idonta ba ya kan zaren amma yatsunta sun san inda zai yi kumburi. Da kuɗin kaɗi ta sayi akuyarta ta fari, da shi ta tara wa 'ya'yanta mata kwanoni da tasoshi. Ba ta taɓa miƙa hannu ga kakanmu don kuɗin goro ba. Akwai kuma wani ƙullin farin sawaye da ta ajiye a ƙasan tukunya, ba mai taɓawa. Sai ranar da ta rasu muka gane likkafaninta ne, ita ta kaɗa zarensa da hannunta, don kada ta ɗora wa kowa nauyi ko a ranar tafiya.

Wannan ita ce suturar da nake kuka a kai. Mutanen da suka haife mu sun ɗauki tufa a matsayin rufin asiri, abin da mutum ke yi wa kansa da iyalinsa. Mu kuwa mun mai da ita abin gasa, mai ƙyalli ya fi mai ƙwari daraja.

Ƙasar nan ba baƙuwar zare ba ce. Bature Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya kuma rubuta cewa ya ga marina a cikin gari mai ramukan rini goma sha huɗu. Ke nan tun kafin Faransawa su san hanyar nan, muna da manomin auduga da makaɗiya da masaƙi da marini da mabugi, kowa yana ci daga hannun ɗan'uwansa. Ni kaina na riski ƙarshen abin. Na ga masaƙa jere a gindin icce, wadari miƙe a gabansu, kunkuru yana jan ciki yana matsowa, ƙoshiya tana kai da kawowa. Ƙyallen da ke fita bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma in aka haɗa shi baki da baki sai ga gwado, ga saƙi mai zanen zabo, ga luru na sanyin hunturu. Yau ka zaga unguwa ka tambayi samari ina masaƙa, sai su nuna maka shagon tela.

Na san uzurinmu, don ni ma na sha kawo shi. Mukan ce masaƙun zamani ne suka kashe mu, da akoko da atamfa masu arha. Da gaskiya a ciki. Amma su ma masaƙun ina suke? Ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta yi shiru, Sonitextil ta Yamai ta canja hannu ta canja suna, kasuwa ta koma hannun yadin Sin da dilar gwanjo. Mukan ce fari ne, yunwar 1973 da ta 1984, wadda muke kira El Buhari, suka sa kowa ya bar auduga ya kama hatsi. Wannan ma haka ne, mai jin yunwa ba ya shuka riga. Sai dai ruwa ya dawo, mazari bai dawo ba. Ko a watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa kayan waje suka yi tsada, ba mu waiwayi masaƙinmu ba, gwanjo muka ruga. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ya kashe sana'ar nan tun kafin kasuwa ta binne ta shi ne kunyar da muka ɗora mata. Mu ne muka fara kiran gwado kayan ƙauye. Mu ne ɗan masaƙi ya zo neman aure muka yi ta 'yan kame-kame. Gwadon da Inna ta ba ni ranar da zan tafi makaranta Maraɗi, ɓoye shi na yi a ƙasan akwati don kada abokai su yi mini dariya, daga baya na mai da shi abin rufe babur. Allah Ya yafe mini. Mun yar da namu mun yafa na wasu, mun manta zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da ya rage mana a hannu shi ne kaba, ita ma ga yadda muke yi da ita. Kwarin da ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi sunansa ma Gulbin Kaba, saboda goriba da Allah Ya wadata shi da ita. Daga Kanan Bakashe zuwa Sarkin Hausa, da wuya ka shiga gidan da ba a san saƙar tabarma ko tufkar igiya ba. Mata da yawa da ita suke sayen gishiri da sabulu, da ita suke tsallake bazara. Amma dattawa suna da ladabin yanka: a ɗebi ganyen da ya isa, a bar zuciyar, a ƙyale wasu tsirrai su miƙe su zama icce mai rassa, su ba da 'ya'ya. Yanzu kowa da laujensa yana rige-rige, a aske kaba tun tana jaririya, a ɗaure dami a loda a mota. Shi ya sa za ka ga fili shimfiɗe da gajerun kaba, tsofaffin goriba suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, babu matasa masu gadonsu. Saƙar ma ta yi sako-sako. Tabarmar da akan yi shekaru ana sallah a kanta, ta yau damina ɗaya ta ishe ta.

Kafin mu zargi masu saƙar, mu dubi masu saye. Bara a kasuwar Mayahi na tsaya gaban wata tsohuwa mai tabarmi. Na ɗaga ɗaya, saƙa ce matsattsiya, bakinta a kalmashe tsaf, ko haske ba ya ratsa ta. Ta faɗi kuɗi, na taya rabi. Ta ce, "Haba ɗan nan, kwana nawa ka san na yi a kanta?" Na ce ai ga ta roba can ta fi arha. Ta yi shiru, ta dubi rana, ta ce, "Kawo, albarka ta fi yawa." Na naɗe tabarma ina jin na yi wayo. Ban yi taku ashirin ba na shiga shago na sayi katin waya, ban nemi ragin ko dala ba. Wanda ya saba biyan rabin kuɗi, da wane baki zai yi ƙorafin an yi masa rabin aiki?

Hatta kalmominmu sun zama kwasfa. Lefe asalinsa kwando ne na kaba da ake zuba tufafin amarya a ciki. Sunan yana nan, kwandon ya tafi, sai akwatuna jeri-jeri cike da yadin da ba a san hannun da ya saƙa shi ba, uban ango kuma yana fama da bashi har a yi suna.

Ba cewa nake a rufe kanti kowa ya koma bante ba, zamani riga ne. Ba kuma jiran gwamnati ko wani furoje nake ba, don ba su suka ɓoye gwadona a akwati ba. Abin da ke hannunmu ƙarami ne kuma a tsakar gida yake. Uwa ta zaunar da ɗiyarta ta koya mata kama kaba, kamar yadda take koya mata tuƙa tuwo. Uba ya bar 'yan goriba biyu uku a gonarsa su tashi, ya hana a taɓa zuciyarsu. Mai aurar da ɗiya ya sa tabarmar kaba da faifai a cikin kayan ɗaki ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Mai saye ya biya hannu haƙƙinsa. Tsofaffin da suka iya kaɗi kuma ba su ƙare ba tukuna, suna nan a ɗakunan baya, muna kai musu fura muna fitowa, ba mu tambayarsu komai.

Cikinsu akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda idonta ya fara rauni. Na nemo 'yar auduga da ƙyar, sai da na yi sautu, na kai mata tare da mazarin da yarinyar. Ta shafa gululun da babban yatsa ta ce, "Wannan na Inna ne. Ina kuka samo shi?" Ta sa aka kawo toka a madadin alli. Murzawa ɗaya, zare ya fara sauka kamar jiya ta ajiye. Ta miƙa wa yarinyar. Ya tsinke. Ta sake, ya sake tsinkewa, har sau huɗu, yarinya ta ɓata rai ta ce, "Gwaggo, audugar ce ba ta da kyau."

Gwaggo ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Audugar lafiya lau take, 'yar nan, hannunki ne ke sauri. Lasa yatsa ki haɗa bakin, ki sake."