Ka Fara da Sunan Yaron

Ɗana, tunda an ɗora maka 'yan aji biyu, bari in ja kunnenka kafin ka kai ga darasin sunan yanka. Kada ka shiga aji ka rubuta ma'anarsa a allo ka ce su maimaita sau goma. Za su maimaita, har da rausaya kai, su fita tara ba wanda ya san abin da ya faɗa.

Kayan darasin nan suna zaune a gabanka kan benci. Ka kira yaro ya faɗi sunansa, ka rubuta, ka nuna masa babban baƙin da ke farko. Ajinka ba zai rasa Ɗanladi ko Talatu ko Balarabe ba, ga Lami da Jummai da Asabe. Ka tambaye su dalilin sunan. Da wani ya ce ran Talata aka haife shi, ka samu hanyar shiga ranakun mako bakwai, daga Lahadi zuwa Asabar, kowace da babban baƙinta. Gambo zai gaya maka shi ke bi wa Hassan da Husaini, Tanko ya ce mata ya biyo, Kande ta ce maza ta biyo, Azumi kuwa watan haihuwarta a bayyane yake. Yaro ba ya manta darasin da aka yi da labarin gidansu.

Ka shirya wa mai kaifin kai. Wata za ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai Talatu ba sunana na yanka ba ne, Fatima aka raɗa mini." Kada ka tsawata mata, gaskiya ta faɗa, haka abin yake ranar suna. Ka ce mata a nahawu duk sunan da ya keɓe mutum ɗaya ko gari ɗaya, laƙabi ne ko na raɗi, hukuncinsu ɗaya.

Amma ka kiyayi abu guda. Kada ka tilasta wa yaro ya faɗi sunan mahaifiyarsa a gaban aji. Da alkunya aka rene shi, kuma ka san yara: kafin a tashi sun mayar da sunan abin tsokana a hanyar gida.

Ka yi haƙuri da su a kan babban baƙi. Yawancinsu da allo suka fara, kuma rubutun Larabci da ajami ba su da babba da ƙarami. Yaron da ya rubuta kano da ƙaramin k bai yi taurin kai ba, sabon abu ne ya tarar a boko. Ajiye bulalar.

Idan hannunsu ya faɗa, sai ka kawo inda wuyar take. Rubuta "na jefa dutse", a ƙasa ka rubuta "na tafi Dutse", babban birnin Jigawa, ka bar su su gano bambancin da kansu. Haka auta da Auta, kyauta da Kyauta, birni da Birnin Kebbi. A nan za ka gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace kawai. Ka kuma sa kunne ga yadda suke magana: Kano ce, Maraɗi ce, Asabar ce, domin sunayen garuruwa da ranaku jinsin mace suke ɗauka.

Kai ma ka gyara hannunka. Malamai da yawa sun iya ƙaramin ɗ da ƙ, amma in aka zo babba sai su yar da lanƙwasar, su rubuta Danjuma da Karaye. Ɗanjuma ne, Ƙaraye ce. Ka zana Ɓ da Ɗ da Ƙ manya a kwali ka liƙa a bango, sannan ka duba rajistarka, domin daga can yara ke kwafar yadda ake rubuta sunayensu.