Gurgu ma yana son ganin Kwara

Tun 1945 direbobin tasi na birnin Glasgow ke ajiye neman kuɗi rana guda a shekara, su yi wa motocinsu ado da balan-balan, su kwashi yara masu nakasa zuwa bakin teku a garin Troon. Ba magani ake kai su sha ba. Wasan yashi ne da ruwa, da yamma a mai da kowa gida.

Bagudo ta jihar Kebbi ba ta da teku, amma tana da Kwara, wadda ke shigowa Najeriya ta wajen Lolo bayan ta raba Benin da Nijar. Idan rana ta take, yaran ƙauyukan gaɓa kan tuɓe su faɗa ruwa, masu kwalekwale na tsallakar da 'yan kasuwa. Yaron da shan inna ta shanye wa ƙafa kuwa yana zaune a zaure, ko a bakin kasuwa da ƙoƙon bara. Mutane na jefa masa sadaka tsakani da Allah. To amma sadakar ta sauke dukan nauyin da ke kansu?

Suratun Nur ta taɓo wannan a aya ta 61. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa makafi da guragu da marasa lafiya sun kasance suna jin nauyin cin abinci tare da masu lafiya, sai ayar ta ɗauke wannan ƙunci. Abin lura shi ne maganar ta wuce ta ƙoshi, ta kai ga zama a kan akushi ɗaya. Haka Annabi (SAW) bai tsaya ga ciyar da Abdullahi ɗan Ummi Maktum ba: ya sa shi ladanci, ya kuma sha bar masa Madina idan zai fita, alhali makaho ne.

Tsoron iyaye na kai irin waɗannan yara bakin kogi ba na banza ba ne, domin haɗarin jirgin ruwa ya ci rayuka da yawa a Kebbi. Sai dai kai yaro gaɓa ba ya bukatar tsallaka kogi. Amalanke ɗaya ta isa, da 'yan rigunan ruwa, da masunta biyu da suka san inda ba zurfi. Masu kabukabu da ke zirga-zirga tsakanin Bagudo da Tsamiya da Illo suna da ƙungiyoyi da shugabanni, kuma washegarin Sallah rana ce da yara ke fita yawo.