Jiki Amana Ne, Ba Kayan Talla Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Bayan haka, tambayarmu ta wannan mako ita ce: shin mutum yana da ikon ya cutar da jikinsa don ya gamsar da idon jama'a?

A nan Sakkwato, kamar sauran ƙasar Hausa, an daɗe ana auna kyawun amarya da cikar jikinta. Saboda haka wasu 'yan mata kan sha ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe, wadda galibi maganin deksametason ce. Abin da take kawowa kumburi ne da tara ruwa da kitse, kuma tana jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. An je neman ƙiba, an samo rama. Yanzu kuma wayar hannu ta kawo kishiyar wannan, har yarinya ta ƙaurace wa abinci don ta yi kama da hotunan da take gani. Wani likitan Ingila, William Gull, ya raɗa wa cutar ƙin cin abinci suna tun 1873, kuma takan kai ga halaka.

Musulunci ya bi tsakiya. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbai haɗa azumi ba buɗa-baki, ya kuma sanar da Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da hakki a kansa. To, idan ba a yarda a gallaza wa jiki don ibada ba, yaya za a yarda don yabon mutane?

Wani zai ce ai ado halal ne. Gaskiya ne, amma iyakarsa cutarwa. Mai riƙon amana yana gyara ta, ba ya lalata ta.

Sai dai nauyin ba a kan yarinyar kaɗai yake ba. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi. Uwa ko miji ko ƙawa da ke kiran wata sillan kara ko buhun gero, suna da kaso a abin da ya biyo baya.

Wadda abin ya kama mara lafiya ce, ba abar zargi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani, don haka neman magani gadonmu ne. A kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Wadda ta daɗe tana shan ƙwayar kada ta daina farat ɗaya sai da likita, domin hakan ma haɗari ne. A zauna a ci tare da ita, a yi haƙuri, don sauƙi a hankali yake zuwa.

Allah Ya ba mu lafiya da wadatar zuci, amin.